Tambaya da Amsa: Ɗalibaina Za Su Yi Wasan Barkwanci a Agege

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Agege, nan Legas. Shugaban makarantarmu ya ɗora wa ajina, aji biyu na babbar sakandare mai ɗalibai 34, nauyin gabatar da wasan kwaikwayo na barkwanci a bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara, kuma makonni shida kacal suka rage. Yaran sun rubuta wasan da kansu, amma da na karanta sai na tarar kusan duk abin dariyar da ke ciki bai wuce abu uku ba: wani Bayarabe mai gidan haya da yake kwaɓa Hausa, da wani maigadi Bahaushe da yake kwaɓa Turanci, da wani yaro mai in'ina. Su dai suna ta ƙyaƙyata dariya a wurin gwaji, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin iyayen da za su zo kallo akwai Hausawa da Yarbawa da Ibo. Shin in bar su ko in canja wasan? Kuma da wane harshe ya kamata a yi shi? Daga wata malama, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rashin kwanciyar zuciyarki yana kan hanya, kuma shawarata ita ce ki canja wasan, amma kada ki ƙwace shi daga hannun yaran. Sun riga sun yi abu mafi wuya, wato sun zauna sun ƙago mutane da wuri da rigima, har sun zaɓi gidan haya, wanda duk mazaunin Legas ya san daɗinsa da ɗacinsa. Abin da ya rage shi ne ki nuna musu inda dariya mai ɗorewa take fitowa, domin a halin yanzu sun kafa ta a kan bakin mutum da ƙabilarsa da lalurar da Allah Ya ɗora masa, alhali kuwa wurinta na gaskiya shi ne hali.

Mai in'ina bai zaɓi in'inarsa ba, haka nan dattijon da ya koyi Hausa da girmansa a kasuwa bai yi laifin komai ba don harshensa ya karkace, hasali ma ya fi wanda bai koyi ko kalma ɗaya ta harshen maƙwabcinsa ba. Marowaci kuwa shi ya zaɓi rowa, maƙaryaci shi ya zaɓi ƙarya, mai gulma da mai cika baki da mai cin bashi ya ɓuya duk su suka zaɓi halinsu, shi ya sa idan aka yi musu dariya babu wanda zai tashi daga zauren da ƙunci a ransa, kowa sai dai ya tuna da wani da ya sani, ko kuma ya sunkuyar da kai domin ya gane kansa. Wannan ba sabon tunani ba ne a wurinmu. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma na tabbata da yawa daga cikin ɗalibanki sun haddace ta a Islamiyya, sai dai ba su taɓa haɗa ta da abin da suke yi a kan dandamali ba.

Na san yaran za su ce miki ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji wasan barkwanci tsakanin ƙabilu. Gaskiya ne ya gada. Akwai shi tsakanin Kanawa da Zagezagi, da tsakanin Fulani da Barebari, da tsakanin Katsinawa da Nufawa, har ma tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ga kuma na taubasai da na jika da kaka a cikin gida. To amma ki lura da sharaɗinsa: ɓangarorin biyu sun san da wasan, kowanne yana da bakin ramawa, kuma ana yin sa ido da ido. Mahaifin da ya zo da iyalinsa daga Ogba ko Iyana-Ipaja domin ya ga an ba 'yarsa kyauta, ya zauna a kujera yana kallon ana kwaikwayon maganarsa minti ashirin babu damar ya ce uffan, ba a yi wasan barkwanci da shi ba, an tara masa jama'a ne kawai. Sannan shi maigadin da suka sa yana kwaɓa Turanci, ki tambaye su wa suke kwaikwaya. Duk Bahaushen da ya zauna a Legas ya san zafin a kira shi da sunan da ake kiran kowane ɗan Arewa da shi cikin raini, ya kuma san yadda wasu wasanni suka daɗe suna nuna mu a matsayin wawa mai riƙe da rediyo a bakin ƙofa. Bai dace 'ya'yanmu, waɗanda iyayen wasunsu da wannan gadin suke biya musu kuɗin makaranta, su hau dandamali su tabbatar da wannan hoton da bakinsu ba.

Akwai kuma abin da bai dami malaman da suka gabace mu ba, wato waya. Ranar bikin kusan kowane uba da kowace uwa za su ɗaga wayarsu, kuma kafin a watse guntun bidiyo na daƙiƙa talatin ya shiga WhatsApp da TikTok, ba tare da abin da ya zo gabaninsa ko bayansa ba. Ki auna kowace fitowa da wannan ma'auni: idan aka yanko ta ita kaɗai, wani da bai san makarantarku ba ya gan ta a Mile 12 ko Idi-Araba, me zai fahimta?

Ga misalin dariyar da nake nufi, daga wani gwajin wasa da na taɓa halarta a wata makaranta. Yaro ne ya fito a matsayin wani Alhaji marowaci, ya sayo tsire ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya warware takardar a hankali yana waiwaye. Ya kai tsinken farko bakinsa ke nan sai aka yi sallama. Ya duba ƙarƙashin tabarma, ya duba aljihu, a ƙarshe ya cire hularsa ya zuba naman a ciki ya mayar kansa, ya gyara zama ya ɗauki carbi. Baƙon ya shigo ya durƙusa ya fara gaisuwa irin tamu wadda ba ta ƙarewa: ina wuni, ina gajiya, ina iyali, yaya jama'a, yaya muka ji da ruwa, ina labarin mutanen gida. Alhaji yana amsa "lafiya lau" a gajarce, mai kuwa ya fara gangarowa daga ƙarƙashin hular zuwa goshinsa. Baƙon ya dube shi da tausayi ya ce, "Alhaji, wannan gumi haka, ko zazzaɓi ne? Cire hular ka sha iska." Nan Alhaji ya dafe kansa da hannu biyu. A ɗakin akwai wata malama da ba ta jin Hausa ko kaɗan, amma ita ta fi kowa dariya har tana share hawaye, domin rowa ba ta bukatar tafinta. Ba a kwaɓa harshen kowa ba, ba a taɓa halittar kowa ba.

Irin wannan za ki nema a cikin gidan hayar da yaranki suka gina. Ki bar mai gidan a matsayinsa na Bayarabe idan suna so, amma ya yi Yarbancinsa daidai, ya yi Hausarsa ta Agege yadda dattawan unguwar suke yin ta, kuma in akwai ɗalibi Bayarabe a ajin a ba shi wannan matsayi, shi zai gaya muku abin da kakansa zai faɗa da abin da ba zai taɓa faɗa ba. Rigimar ta koma kan ɗan hayar da ya yi wata huɗu bai biya ba amma kullum yana shigowa da sabuwar shadda, da matar da ke sauraron hirar maƙwabta ta jikin bango ta kai ta inda ba a aike ta ba, da layin famfo da asuba, da kuɗin wuta da ake rabawa kowa yana rantsuwa shi ƙwan lantarki ɗaya gare shi. Maigadin kuwa ya zama shi ne mai hankalin gidan, wanda ya san sirrin kowa ya yi shiru har sai ranar da aka nemi a ɗora masa laifin da bai yi ba. Yaro mai in'ina a cire in'inar baki ɗaya, a ba shi wani hali, misali mai yi wa kowa alkawari ba ya cikawa.

Ki tuna wa yaran cewa suna da gadon da za su ɗiba. Wasannin tashe da ake farawa bayan azumi ya kai goma cike suke da kwaikwayon halaye, daga tsoho mai gemu har zuwa mai maganin da ke zuzuta kayansa, kuma a Kano akwai Nalako da ke bin gwagware. 'Yan kama suna shiga irin ta malamai su juya komai ya koma zancen abinci. A wasan gauta matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa domin a gyara abin da ba a iya faɗa kai tsaye. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, ya gwamutsa Hausa da Turanci shekara da shekaru a talabijin, amma da yake shi kansa tsohon soja ne, rayuwar barikin da ya sani yake nunawa daga ciki. Su ma maƙwabtanmu suna da nasu: a Legas ɗin nan Hubert Ogunde ya kafa ƙungiyar wasansa a shekarun 1940, Moses Olaiya kuma, wato Baba Sala, ya yi suna a fagen barkwanci. Idan makarantar za ta iya ɗaukar nauyin mota, ko ganin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977, zai sa yaran su gane cewa sana'a ce mai daraja suke taɓawa.

Batun harshe kuwa, tun da darasin Hausa ne ya haifi wasan, Hausa ta zama ginshiƙi, amma ki bar mutanen cikinsa su yi magana yadda ake yi a Agege, inda mai sayar da goro zai fara ciniki da Hausa, ya tsallaka Yarbanci, ya rufe da Turancin buroka. Ɗalibanki ma suna jin Yarbanci fiye da yadda ake zato, ga na unguwa ga kuma na aji, tun da dokar jihar Legas ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu. Ki sa ɗalibi ɗaya mai murya ya zama kamar sanƙira, ya fito kafin kowace fitowa ya faɗi abin da ake ciki cikin jimla biyu ko uku da Turanci, ya koma. Kada ya fassara abin dariyar, ya dai buɗe ƙofa.

Makonni shida sun isa idan wasan bai wuce minti 25 zuwa 30 ba, kuma ina ba ki shawara kada ya wuce, domin iyaye sun riga sun sha jawabai kafin a zo kanku. Ki ba gyaran rubutu mako ɗaya da rabi, sauran ki zuba su a gwaji, mako na ƙarshe kuma a yi shi daga farko har ƙarshe da tufafi da kayan wasa a ainihin wurin da za a gabatar. Manyan 'yan wasa kada su haura takwas ko tara. Sauran ɗaliban ba za su zauna haka ba: ana bukatar 'yan layin famfo, da masu jan labule, da masu shigo da benci da bokiti tsakanin fitowa da fitowa, da mai riƙe da takarda a bayan labule domin tuna wa wanda ya manta. Abu ɗaya da masu shirya wasa a Legas suke yawan mantawa shi ne ruwan sama. Ƙarshen zango na uku yana faɗawa cikin watan Yuli, kuma idan zauren mai rufin kwano ne, ruwa na sauka babu mai jin kowa. Ki sa yaran su saba da ɗaga murya har ta kai bangon baya ba tare da makirufo ba, domin ko an tanadi janareta, ba a rasa ranar da yake ƙin tashi.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Idi-Araba. An ba 'yata mai shekara 16 matsayin uwargida a wasan barkwancin ajinsu, tana ta murna, ni kuma ina tsoron abu uku: cuɗanya da maza, da dawowa gida da dare, da kuma kada wasan ya ɗauke mata hankali daga karatu. Mahaifiyarta ta ce in bar ta. Mene ne shawararku? Daga wani uba, Idi-Araba.

Amsa: Alhaji, Allah Ya saka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka yanke hukunci. Duk abubuwan nan uku da kake tsoro ana iya ganinsu da ido, don haka shawarata ita ce ka ware awa ɗaya ka je makarantar da kanka, ka nemi malamin da ke kula da wasan, ka ce a ba ka rubutun ka karanta, ka kuma zauna ka kalli gwaji ɗaya. Haƙƙinka ne, kuma malamin kirki zai yi farin ciki da zuwanka. A nan za ka ga ko akwai riƙe hannu ko wata magana da ba ka yarda da ita ba, ka faɗa a gyara tun da wuri. Matsayin uwargida ma yana daga cikin waɗanda suka fi sauƙin kiyayewa, domin da zane da mayafi ko hijabi ake fitowa, kuma yawancin abin dariyarsa a baki yake da kallo. Idan kana son sanin hukuncin addini a kan wani abu takamaimai da ka gani, sai ka kai wa malaminka shi yadda ka gan shi.

Maganar dare kuwa ka kafa sharaɗi a fili: gwaji ya kasance a harabar makaranta, da malami a wurin, a tashi a lokacin da zai ba ta damar isowa gida kafin magariba, da lissafin cunkoson motocin yamma wanda ka fi ni sanin halinsa a hanyar Mushin. Gwaji a gidan wani ɗalibi ranar Asabar ba tare da babba ba, wannan kana da cikakken dalilin hanawa.

Game da karatu, in dai ba ajin ƙarshe take ba, wanda jarrabawar WAEC da ta NECO suke gabansa, ban ga abin fargaba ba. Yarinyar da ta haddace shafi goma na magana, ta tsaya gaban mutum ɗari biyu ta faɗe su da murya a sake ba tare da ta rikice ba, ta koyi abin da zai yi mata amfani ranar da za ta tsaya gaban masu tantancewa a jami'a ko a wurin neman aiki. 'Ya'yanmu mata da yawa a Legas suna da ilimin, amma idan aka ce su yi magana a cikin taro sai murya ta maƙale. Ka duba sakamakonta na wannan zangon ka gwada da na baya, idan ka ga ya sauka sai ku zauna da ita. Ranar wasan kuma ka yi ƙoƙari ka rufe shago ka je, ka zauna inda za ta hango ka.

Tambaya: Ina aji biyu na babbar sakandare, gidanmu yana kusa da kasuwar Mile 12. An ba ni matsayin wani tsoho mai faɗa, amma duk lokacin da na fara magana abokaina suka yi dariya sai ni ma dariya ta ƙwace mini, wasan ya lalace. Malaminmu ya ce in ban daina ba, zai ba wani matsayin. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, dariyar tana ƙwace maka ne domin har yanzu kana kallon tsohon daga waje kamar yadda abokanka suke kallonsa. Shi tsohon bai san yana ba da dariya ba. A wurinsa, a misali, akuyar maƙwabci da ta ci masa wake babbar musiba ce, kuma iyakar gaskiyarsa yake faɗa. Idan ka shiga damuwarsa ka ji haushin akuyar nan da gaske, fuskarka za ta ɗaure da kanta, kuma za ka ga dariyar 'yan kallo ta ninka.

Kana zaune a wurin da ya fi ko'ina malamai. Ka je kasuwa da sassafe lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, ka sami gefe ka tsaya cikin ladabi, ka lura da dattijo guda ɗaya: yadda yake dafa gwiwa kafin ya miƙe, yadda yake gyara babbar riga a kafaɗa idan ransa ya ɓaci, yadda yake yin shiru ya kalli mutum sama da ƙasa kafin ya ba shi amsa. Wannan shirun shi za ka fi koya. Kada ka kwaikwayi wani dattijo sananne a unguwarku har a gane shi, ka ɗauki tafiyar wannan, ka ɗauki tsakin wancan, ka haɗa naka tsohon.

Sannan ka maimaita maganganunka har su daina ba ka dariya, sau talatin ko arba'in, a gaban ƙannenka ko a gaban madubi. Ka roƙi abokai biyu su zauna gabanka suna ƙoƙarin sa ka dariya da gangan kai kuma kana ci gaba. A kan dandamali kada ka haɗa ido da abokinka na kusa, ka kalli goshinsa ko kunnensa. Idan jama'a suka fashe da dariya kada ka yi magana a cikinta, domin ba za a ji ka ba. Ka tsaya a matsayin tsohon, ka buga sandarka a ƙasa, ka harare su, ka ƙirga uku a zuciyarka, idan ta fara lafawa sai ka jefa magana ta gaba. Ka je wa malaminku gobe ka roƙe shi ya ƙara maka mako ɗaya.